Na Jamus da Na Rasha

Wata uku kacal da fara sauraron kiɗan Turawa na dā, irin mai goge hamsin ɗin nan, amma har na ɗauki kaina masani. Ranar Juma'a bayan masallaci na tara abokai a gidana da ke unguwar Bin Mahmud, na ce yau za su ji bambancin makaɗan Jamus da na Rasha a kiɗa guda.

Na kunna na farko a waya, na lumshe ido. Da ya ƙare, na biyu ya shigo.

"Kun ji ko? Na Jamus lissafi ne. Wannan na Rasha kuwa zuciya ce zalla." Na faɗa har da ɗaga yatsa. Dakta Sani, babbanmu, yana ta gyaɗa kai saboda kara.

Sai matata ta shigo da shayi, ta leƙa wayar.

"Baban Amira, ai na farkon ne ya sake. Kan maimaitawa ka bar shi."

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi ƙona ni.

Shekara biyu ke nan, duk gidan da na je sai a zuba mini shayi kofi biyu daga fulas ɗaya, a ce, "Injiniya, wanne ne na Rasha?"