Ranar da Aka Rataya Mini Kwalin Jaki

Ba zan taɓa mantawa da kwalin jakin nan ba, ko da tsufa zai sa in manta sunana.

A 2021 na samu aikin koya wa yara bakwai Ibrananci a wani ɗan aji a Bur Dubai, 'ya'yan Yahudawan da aiki ya kawo daga Landan. (Ni 'yar Kafanchan ce. A bakin wata tsohuwa da na yi wa jinya shekara shida a Haifa ta Isra'ila na tsinci yaren.) Abu ɗaya iyayen suka roƙa: yaran su riƙa yin yaren a aji da gida.

Sai na tuno firamarenmu, inda ake rataya wa duk wanda ya yi Hausa kwali a wuya. Ni sarkin dabara, na zana jaki a kwali, na ɗaura igiya, na ce duk wanda ya yi wani yare ban da Ibrananci shi zai sa.

Turanci ya mutu a ajin, na yi ta hura hanci. Tamar kuwa, 'yar shekara shida, ta daina magana gaba ɗaya. Uwarta ta ce ko kakarta ta kira, wadda ba ta jin komai sai Ibrananci, yarinyar shiru take yi don tsoron kuskure. Na ce kunya ce, za ta wuce.

Ranar da iyaye suka zo kallon darasi, ina tsakiyar bayani wayata ta yi ƙara. Mama ce, kuma a makon ba ta da lafiya. Na ɗauka ban yi tunani ba, na amsa da Hausa.

"Mama, ina aji. Kin sha maganin? To shi ke nan, zan kira ki."

Ina ajiyewa, yara shida suka nuna ni da yatsa. Na durƙusa a gaban iyayensu aka rataya mini jakina (kunnuwan ma ni na ƙara musu tsawo). Kunyar da na sha ina aji uku a firamare, ranar da aka rataya mini kwali, ta dawo mini sabuwa, idona ya cika da hawaye.

Sai na ji ɗan hannu a kumatuna. Tamar ce. A hankali, da Ibrananci mai ɗingishi, ta ce, "Malama, kar ki yi kuka. Da mamarki kika yi magana."

Uwarta ta dafe ƙirji.

Kafin in kai tashar jirgin ƙasa ta metro na jefa kwalin a shara. Na gane ba a koya wa yaro yaren kakarsa da igiya a wuya. Jakin dai bai yi ɓatan kai ba, wuyan mai shi ya samu.