Yaƙin Cakulkuli a Ajin Masu Hazaƙa

Da sunan Mai sanar da bawa abin da bai sani ba muke buɗe tarihin gwarzo ɗan gwarzo, Malam Haladu ɗan Zubairu Mai-Tawada, jikan Ɗan'iya wanda ya haddace jadawalin sau tun kafin ya yi kaciya. Zakin alli, dodon baƙin allo, gagara-tambaya, bijimin da tun ranar da ya kama aikin koyarwa a firamaren Tudun Gawo ba a taɓa jin kalmar "ban sani ba" ta fito daga bakinsa mai albarka ba. Wannan suna shi ne rawaninsa, shi ne dukiyarsa, kuma a kansa aka gwabza.

A shekarar da hedimasta ya tsamo yaran da kansu ke ja fiye da kima ya ware musu aji na musamman, sai aka naɗa Haladu amirul jaishi, wato kwamandan wannan runduna. Ya shiga fagen fama da alli a dama, tsumman goge allo a hagu, ya karkashe lissafi, ya yi wa kimiyya kaca-kaca, har wata 'yar mitsitsiya mai suna Rumasa'u, wadda ƙafarta ba ta ko taɓa ƙasa daga kan benci, ta ɗaga hannu.

"Malam, me ya sa in mutum ya yi wa kansa cakulkuli ba ya dariya?"

Wayyo! Wallahi sadaukin bai sani ba. Amma ya zaro makami na farko daga taskar malamai, ya yi kururuwa: "Tambaya mai kyau! A tafa mata!" Aka tafa raf-raf-raf, tambaya na nan daram. Ya zaro na biyu: "Wa zai gwada?" Sai rundunar nan ta gwada da gaske, kowa ya cusa yatsu a hammatarsa yana sosawa fuska a murtuke, sannan suka auka wa juna, aji ya kaure da ƙyalƙyala, wani ya faɗo daga benci yana shure-shure. Da ƙura ta lafa, idanu suka dawo kansa. Nan fa jarumi ya jefa mashin ƙarshe, wanda bai taɓa kuskure ba tun zamanin kakanni: "Aikin gida ne! Kowa ya tambayi iyayensa!" Aka buga ƙararrawa, ya fito yana taƙama, ya hau kekensa kamar wanda ya ci gari da yaƙi.

Abin da ya manta shi ne, a Tudun Gawo duk tambayar da ta gagari uba, ƙofa ɗaya ake kai ta. Bayan la'asar ya leƙo zaurensa ya tarar da shi cike da dattawa, kowa ya saki hannun riga, Alhaji Tukur mai goro na ta sosa tafin ƙafarsa cikin natsuwa, liman na gwada haƙarƙari a ɓoye. Malam Sabo tela, mahaifin Rumasa'u, ya gyara murya.

"Allah gafarta malam, duk mun gwada, ko murmushi babu. Shi ne muka ce bari mu zo tushe."

Babu ƙararrawa, babu wanda za a tafa wa. Gwarzo ya dubi rufi, ya dubi ƙofa, gumi ya jiƙa masa hula, sannan cikin wata siririyar murya da ko akuyar gidan ba ta ji ba, ya ce, "Wallahi ban sani ba."

Ya runtse ido yana jiran sama ta faɗo. Malam Sabo dai ya lalubi takalminsa.

"Ai ita ma Rumasa'u haka ta ce, wai ba ka sani ba. Cewa ta yi in zo in ba ka haƙuri, kada abin ya hana ka cin tuwo."