Rasuwar Don Claro, Tankin Kifin Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da takaicin da ya fi baƙin cikin yawa, ni Nereida Pacheco ta unguwar Rebolo a Barranquilla nake sanar da rasuwar tankin kifina, Don Claro, wanda na gada daga mahaifina.

Marigayin mai tsabta ne. Ruwansa garau, har maƙwabta kan leƙo su gyara gashi a gilashinsa. Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, iyakarsa bul-bul-bul a kusurwar falo. Bukatunsa kaɗan ne: inuwa, abincin kifi ɗan tsunkule, a rage ruwa a ƙara sabo duk mako, a kashe masa fitila idan an tashi kwanciya.

Ciwon ajali ya same shi lokacin da na tafi Sincelejo jinyar ƙanwata, na bar shi amana a hannun mijina, Wilfrido. Wannan bawan Allah, da ko tukunyar shinkafa ba a bar masa, ya ja tankin zuwa bakin taga, wai kifaye su ma su ga titi. Ya bar fitila a kunne ba dare ba rana. Ya riƙa zuba musu abinci kamar mai kiwon aladu. Gansakuka ta samu rana, ta samu ƙoshi, ta yaɗu. Ruwa ya koma kore shar, kifi bai ganin ɗan'uwansa.

Da ya ji ina hanya, sai ya garzaya wurin Efraín, abokinsa na wasan domino, mutumin da bai taɓa kiwon ko ƙadangare ba. Shi ne likitan. Ya ce, "Kai, wannan ai wasa ne! Zuba bilicin wanki, ka kankare da wuƙa, ko madam ba za ta gane ba."

Madam ta gane. Na tarar da falo ya zama tafki, gilashi ya tsage daga sama har ƙasa, kifayen da babana ya raina tun kakanninsu sun juya ciki sama. Wilfrido na tsaye da tsumma a hannu. Ya ce, "Haba Nere, amma dai ki duba, koren ya ragu."

Marigayin ya bar dodon koɗi ɗaya, wanda ya tsira don ya fi maigidan hankali, ya haye bango tun kafin a zuba maganin. Ya bar famfon iska, da ragar kamun kifi, da gansakukar da ta kashe shi, wadda har yanzu tana nan lafiya lau a jikin duwatsu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan an taso daga coci. Wilfrido ne zai ɗauki gawar, a ka, da rana tsaka, ta gaban teburin domino, har inda motar shara ke tsayawa. Za a karɓi gaisuwa a gida, akwai kofi da arepa, wainar masara. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo furanni, kada kuma su kawo shawara. Efraín kuwa, idan yana son haƙoransa, ya yi ta'aziyya ta waya.