Mersin Balarabe

"Faransanci? Ai ni ko atishawa ta kama ni, da shi nika yin ta!"

Haka yayana Balarabe ya faɗa a kasuwar albasa ta Aliero, yana tsaye kan buhu kamar mai tallar magani. Yau kwanansa arba'in da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Ni ba mai dogon karatu ba ne, aji huɗu na yi na koma gona. Amma duk wanda ya zo mana gaisuwa sai ya ce, "Usmanu, ba mu labarin Faraku." Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na rubuta. Ka yi dariyarka, ka yi masa addu'a. Shi ma daga baya da shi ake dariyar.

Lokacin muna jihar Sakkwato ne, ba a yanke Kebbi ba. Alhaji Gado, wani babban falken albasa na Jega, yana neman tafintan da zai riƙa raka motarsa ƙetare. Aiki ne na hutu: gaban mota kusa da direba, ba ɗaukar buhu. Balarabe kuwa dako ya cinye masa wuya. Sai ya ce shekara uku ya yi a Yamai, har Nasara na zuwa ya gyara musu magana. Ni dai na san kwana uku ya yi a Gaya ta ƙasar Nijar wurin suna, ya dawo da kalma uku: bonjur, wi, da mersi, wato barka, i, da na gode. Kowace rana ɗaya.

Alhaji ya ce, "To, mu tahi Faraku in gani da idona. In ka iya, gaban mota naka na."

Ni aka ɗora ni saman kaya. Kwana biyu muna hanya, ba abin da ya shiga cikinmu sai ƙuli-ƙuli da ɗanyar albasa. Muka isa Faraku ta ƙasar Binin da azahar, aka sauke kaya, muka bi ƙamshi har wata rumfar abinci a unguwar bayan kasuwa. Benci uku ne da tebur ɗaya mai ɗingishi. Ana dakan sakwara, miyar gyaɗa na tafasa.

Balarabe ya karkata hula. "Alhaji, kada kowa shi buɗe baki. Nan in sun ji Hausa, ƙashi suka ba mutum." Ya juya wurin mai abincin, wata ƙaƙƙarfar mata mai ɗaurin kallabi irin na can. "Bonjur, Madan!"

Ta zubo masa Faransanci kamar ruwan Agusta. Shi kuwa sai gyaɗa kai yake kamar ƙadangare.

"Mi tac ce?" in ji Alhaji.

"Tana ma barka da hanya. Tac ce ka yi kama da gwamna."

Sai ga ta da kwano, sakwara fara sol, miya har baki. Ta miƙo. Balarabe ya ɗaga tafin hannu irin na manya, ya ce, "Mersi!"

Matar ta ɗaga kafaɗa, ta juya da kwanonta.

Abin da yayana bai sani ba, a can in an miƙo maka abu ka ɗaga hannu ka ce mersi, cewa ka yi ka ƙoshi.

"Ina za ta da abincinmu?" in ji Alhaji.

"Al'adarsu ta, Alhaji. Sai an nuna ma ka shaƙa, hanji shi buɗe."

Ta dawo da shinkafa, an ɗora mata rabin zabuwa. Wannan karon hannu biyu Balarabe ya ɗaga, ya ƙara murya don kada a ce ba a ji ba. "Mersi! Mersi!"

Zabuwa ta wuce ta gaban hancinmu, ta sauka gaban wani mai keke. Muna kallo ya yage cinya.

"Shi wanga hanjinai buɗe yaz zaka da shi?" in ji Alhaji. "Balarabe, in kwano na ukku ya wuce ni, kai da gaban mota sai dai ka hange shi daga saman buhu."

Gumi ya karyo wa tafinta. Ya ga mersi ta ci amanarsa, sai ya koma kan wi. Da matar ta kawo wata sakwarar ya yi maza ya ce wi, ta dire a gabansa. Ta ɗebo jan yaji cikin ludayi.

"Fima?" Wato barkono.

"Wi!"

Ta zuba. "Ankor?" Wato a ƙara?

Balarabe ya washe baki. "Kun jiya? Ango taka ce min. Wi, Madan!"

Sau huɗu tana ce masa ango, sau huɗu yana amsawa. Miyar gyaɗa ta koma ja kamar jan-baki.

Alhaji ya janye hannu. "Hwara ci mu gani, ango."

Loma ɗaya ya kai. Idanunsa suka fito kamar na kwaɗo, hawaye da majina suka haɗu a gemu, hula ta faɗi cikin ruwan wanke hannu.

"Da daɗi?" in ji Alhaji.

"Wi..." in ji shi, da muryar ɗan akuya.

Alhaji ya daki tebur. "Wai duk garin ga babu ɗan Musulmin da ka jin Hausa?"

"Akwai mana, Alhaji," in ji matar. "Sakwara kaka so ko shinkahwa?"

Duk muka juyo muna kallonta.

"Ni A'i ta, ɗiyar Maiyama. Aure yak kawo ni, shekara ashirin ke nan. Tun daga bakin rumhwa nij ji warin albasar Aliero. Amma wanga Bature naku yac ce kada kowa shi buɗe baki, nic ce to, bari in bi shi in ga inda za shi sauke ku."

Ta cika mana kwanoni har da gyara. Alhaji yana ci yana ƙwarewa don dariya. Ya ce, "Usmanu, komawa kai ka zama gaba. Ango shi hau buhu, iska ta hura mai baki."

Balarabe bai ma ji ba, yana ta fifita harshe da hularsa. Da Hausa tsantsa ya ce, "Yaya A'i, don girman Allah, ruwa!"

Ta ɗebo masa a randa, moɗa cike, mai sanyi. Ya miƙo hannu biyu. Amma kafin ya kama, baki ya riga shi.

"Mersi."

"To, tunda ka ƙoshi," in ji A'i. Ta juya da moɗarta.