Ginshiƙan Roman na Ɗan'azumi

"Duk Gyaɗi-Gyaɗi, kai har ka dangana da Unguwa Uku, babu mahalukin da ya san Roman kamar ni. Kwano ɗaya muka ci da su."

Ɗan'azumi magini ke nan a teburin mai shayi, ya ɗora ƙafa kan benci, hular kwano ruwan ɗorawa a ka, kai ka ce shi ya haƙa tekun Legas. Ni kuwa da nake ba ka labarin nan, babu wanda ba na riƙe da tarihinsa a unguwar, har kaji. Aikin da Ɗan'azumi ya yi da Turawan Italiya masu gina titi bai wuce riƙe jan ƙyalle yana tsayar da motoci ba, shi ma aka sallame shi saboda barci a tsaye. Amma ya tsira da hular, kuma tun daga ranar wanda bai ce masa Injiniya ba, ba ya amsa masa sallama.

Ita kalmar Roman ɗin, a unguwarmu kowa da tasa. Malam Bitrus, malamin firamare mutumin Kudancin Kaduna da ke haya a layinmu, in ka tambaye shi cocinsa sai ya ce Roman. Mai gyaran agogo ya ce lambobin nan masu kama da tsinken tsire da ke fuskar agogon bango su ne Roman. Liman ya ce Rumawa ake nufi, mutanen da ne masu ƙarfin mulki. 'Yan boko suka ce ai baƙaƙen da ake rubuta Hausar boko ma nasu ne. Ɗan'azumi ya ce duk gida ɗaya ne, kuma ya san iyayensu.

To, shekarar da soja suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, sai Audu mai kananzir ya ci kansila. Jiya yana auna kwalba, yau ya zama Honarabul, har tafiyarsa ta ƙara faɗi. Ya je gaida wani babba a Nasarawa, unguwar masu kuɗi, ya ga ƙofar gidan da wasu fararen ginshiƙai dogaye. Ya tambayi mai gadi, mai gadi ya ce Roman fila ake ce musu. Audu ya dawo bai ko cire takalmi ba ya aika a kira Ɗan'azumi.

"Injiniya, ka iya Roman fila?"

"Honarabul, ka tambayi kifi ko ya iya ruwa?"

"Ina so a yi mini a zauren nan. Za mu tafi taron sanin makamar aiki a Kaduna, ranar da zan dawo ranar zan yi walima, shugaban jam'iyya zai zo. In ka fitar da ni kunya, duk wata kwalbati da ajin makaranta da za a gina a mazaɓar nan, kai ne."

"Na asali kake so ko irin na 'yan Nasarawa?"

"Da bambanci?"

"Kamar zuma da ruwan rake."

"To a yi mini na asali."

Ɗan'azumi ya fito yana baza kafaɗa, alhali kuwa bai taɓa ganin Roman fila ko a mafarki ba. Ya je Nasarawa ya leƙa? Ina, wai kada a gan shi yana satar fasaha. Sai ya tuna maƙwabcinsa ɗan Roman ne. Ya yi sallama gidan Malam Bitrus, ya tarar ya tafi makaranta, sai matarsa Rahila tana tsince wake. A bangon falo ga kalandar da Fadan cocinsu ya raba musu, da hoton wani wuri a birnin Rum: ginshiƙai tsaye, wani dogo, wani ya gutsire a wuya, wani kwance a ƙasa gida uku, ciyawa ta fito a tsakani, sama fayau babu rufi.

Ɗan'azumi ya ce, "Maman Hope, nan ina ne?"

"Rum ke nan, Injiniya. Amma wannan wurin ai tsohon..."

"Na gane shi, gwada ki nake. A bayan wancan ginshiƙin muke cin abincin rana."

"To amma ka san fa wurin ya..."

"Maman Hope, ku addu'a kawai kuke yi tare da su. Ni siminti na kwaɓa da su. Ara mini takardar nan."

Rahila ta cire masa, ta koma kan wakenta. Ta gaya mini daga baya, wai ta ɗauka bangon shagonsa zai liƙa.

Washegari Ɗan'azumi ya kewaye ƙofar gidan kansila da tamfol, ya hau kan zaure da leburori suka fara yaye rufi. Zauren nan kuwa marigayi uban Audu ne ya gina shi da azara, a kansa Hajiya Uwani, uwar kansila, take shanya kuɓewa. Ta fito da carbi a hannu.

"Kai Ɗan'azumi, uban wa ya ce ka cire rufin?"

"Hajiya, Injiniya ake cewa. Roman ba sa rufi."

"To in ruwa ya zo fa, ga damina ta kawo kai?"

"Mutanen da suka mulki duniya ne za su ji tsoron yayyafi? Hajiya, ki koma ciki, wannan ilmi ne."

"Ilmin da ba shi da inuwa," in ji ta, ta kwashe kuɓewarta ta shige.

Ya sa aka fasa gangunan kananzir ɗin Audu aka jera, aka ɗura kankare, ginshiƙai biyar suka tashi. Wallahi, in da ya tsaya nan da an yafe masa, don sun yi kyau daidai gwargwado. Amma da suka bushe sai ya ɗaga kalanda, ya dubi gini, ya girgiza kai. Ya ɗauko guduma. Na fari ya sare masa kai. Na biyu ya gutsire shi a ƙugu. Na uku ya sa aka ɗaura masa igiya aka kayar, da ya ƙi karyewa gida uku sai ya bi shi da duka har ya yarda. Ya ga na hoto sun yi duhu-duhu, ya sayo baƙin mai wurin makanikai ya shafe su. Ya aika bakin kwata aka cizgo ciyawa ya dasa a tsakani.

Na leƙa ta ɓular tamfol na ce, "Injiniya, gini kake ko faɗa kuke?"

Ya ce, "Baba, idonka na tubali ne. Bari masu ilmi su zo."

Ranar walima da hantsi aka yi ruwa da iska mai ƙarfi, ta yaye kwanon wasu gidaje a Tarauni, ta kuma yi gaba da tamfol ɗin Ɗan'azumi, aka ce an gan shi wajen Ƙauyen Alu. Bayan la'asar sai ga jerin motoci, maroƙa na gaba, 'yan jam'iyya na ihun sai Honarabul. Audu ya fito cikin babbar riga da ta sha sitaci, shugaban jam'iyya na gefensa. Suka ɗaga ido.

Mai kalangun maroƙa ne ya fara tsayar da kiɗa. Zaure babu kai, ruwa ya kwanta a ciki har kwaɗi sun kama haya, ga kututturan siminti baƙi ƙirin, ɗaya a kwance, akuyar maƙwabta ta hau tana cin ciyawar Rum.

Shugaban jam'iyya ya cire hula ya ce, "Subhanallahi. Honarabul, ashe iskar nan har da kai? An dai fita lafiya?"

Shi ke nan fa, walima ta koma jaje. Jama'a suka yi layi. "Allah ya kiyaye gaba." "Allah ya mayar da alheri." "Tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Wata tsohuwa har da hawaye. Audu kuwa, ɗan siyasa ko na jiya ne ya san inda romo yake. Ya ji shugaba na cewa gobe za a sa sunansa a sahun farko na waɗanda za a ba tallafin kwano da katako, sai ya langaɓe kai ya ce, "Haka Allah ya so. Muna cikin jarrabawa tare da talakawanmu." Aka yi tafi.

Da Ɗan'azumi ya yi shiru, da kowa ya ci riba. Amma mutumin naka yana gefe yana kumbura, yana jin ana ba iska ladan aikinsa. Ya ture mutane ya hau kan ginshiƙin da ke kwance, ya gyara hular kwano.

"Wace iska? Jama'a, wace iska ce ta iya wannan? Ni na yi, da hannuna da gudumata. Honarabul ne ya ce a yi masa na asali, ga shi kuwa, ko Paparoma ya zo sai ya ɗauka gida ya dawo."

Ya zaro kalanda ya ɗaga sama. Audu yana ƙifta masa ido kamar wanda barkono ya faɗa wa, shi kuwa ya ɗauka yabo ne, ya ƙara murya.

Shugaba ya mayar da hularsa a hankali. "Honarabul, wato kai ka sa a rushe maka zaure, kuma ka tsaya kana karɓar jaje?"

Malam Bitrus na cikin 'yan gayya, ya matso ya ga kalandarsa. Ya ce, "Injiniya, wannan ai kango ne. Da can da rufinsa da komai. Shekara wajen dubu biyu, da yaƙi da girgizar ƙasa, suka mai da shi haka."

"Tica, kar ka koya mini aikina."

Hajiya Uwani tana bakin ƙofar cikin gida, da buta a hannu. Ta ce, "A'a, ku bar shi, gwani ne. Abin da ya ci wa arna da girgizar ƙasa shekara dubu biyu, shi kafin kuɓewata ta bushe ya gama."

Dariyar da aka yi har akuya ta tsorata. Shugaba ya shige mota ko shinkafa bai taɓa ba, tallafi ya bi shi. Audu ya tattare babbar riga ya ɗauki guntun ginshiƙi, Ɗan'azumi ya ga ba wasa, ya bi ta kwata, Injiniya guda, hula na gaba yana binta.

Kwalbati da azuzuwa dai wani ya samu. Ɗan'azumi ya yi kwanaki bai leƙo teburin shayi ba. Ranar da ya fito, ya zauna a ƙarshen benci yana hura kofi, sai ga Ɗanladi mai nama ya zo da sauri ya durƙusa gabansa.

"Injiniya, neman ka nake tun safe. Aiki ne, kuma duk unguwa an ce kai kaɗai ka iya."

Ɗan'azumi ya miƙe wuya, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Kun ji ko? Mai abu ba ya ɓata. Bene ne ko shago?"

"Tsohon masai ne ya cika a gidana. Shi ne nake so ka zo da gudumarka ka yi masa Roman."