Sarkin Ɗanɗano Ya Rage Loma

Duk wanda bai san Sarkin Ɗanɗano ba ya yi asarar rabin rayuwarsa, kuma Sarkin da kansa zai fara gaya masa haka. Tayil ɗin banɗaki yake sayarwa, amma wannan don kada a ce ba shi da sana'a ne. Ainihin abin da ya kawo shi duniya shi ne sanin abinci. Sarautar ma shi ya naɗa kansa, bayan ya duba ya ga babu wanda ya isa ya naɗa shi. Ko ruwan sanyi ka ba shi sai ya juya shi a baki, ya lumshe ido, ya ce an yi ƙoƙari.

Ƙa'idarsa guda ce: babban mutum ba ya cinye abin da aka zuba masa. Dole ya rage, don a san ba yunwa ta kawo shi ba. Matarsa ta gano lagon tun farkon aure. Takan zuba masa na mutum uku, ya ci na biyu, ya ture na ɗaya yana yatsina. Ciki ya cika, girma kuma bai faɗi ba.

To, tayil ya daina tafiya, shago sai ƙura. Ana cikin haka yayan matarsa ya gina otal, yana neman wanda zai riƙe masa ɓangaren abinci. Sarki yana son aikin nan kamar ya yi kuka, amma a bakinsa cewa yake zai duba ko zai samu lokacin taimaka wa Yaya. Da tafiya ta haɗa su zuwa ƙasar waje sayen kayan otal, sai ya ga ranar nuna kansa ta zo. Ya kama musu tebur na cin abincin rana a gidan abincin da ya fi kowanne taurarin yabo a birnin. Ranar ko shayi bai sha ba, wai yana share wuri.

Ɗakin tsit yake kamar asibiti. Fararen tebura, cokula jere dama da hagu, ma'aikata suna tafiya ba ka jin takunsu. Sarki ya gyara kwat, ya yi wa Yaya raɗar da sai da teburin kusa ya waiwayo.

"Yaya, ka kwantar da hankalinka, nan gida ne a wurina. Abin da ka ga na yi, shi za ka yi."

Ma'aikaci ya tsaya zai bayyana tsarin cin abincin gidan. Sarki ya ɗaga masa hannu. Wa zai koya wa wa?

Aka kawo faranti mai faɗin tire, a tsakiyarsa wani ɗan abu kamar maɓallin riga, da ganye guda a kai. Yaya ya jefa nasa baki, ya ce da daɗi. Sarki ya dube shi da tausayi. Ya ɗauki wuƙa, ya raba maɓallin biyu, aikin da ko likitan ido sai ya jinjina masa, ya ci rabi, ya ture rabi.

"Wannan share fage ne, Yaya. Kada ka cika ciki. Abincin yana tafe."

Aka kawo kumfa a cokali. Ya sha rabin kumfa. Aka kawo yankan kifi da bai kai ɗan yatsa ba, ya rage masa wutsiya. Aka kawo nama a ƙarƙashin murfin gilashi mai hayaƙi, ya yaba hayaƙin, ya bar naman da saura. Faranti na zuwa, faranti na komawa, kowanne ɗauke da shaidar girman Sarki. Yaya kuwa bai bar ko ɗigon miya ba, har da sa burodi ya goge, abin da ya sa Sarki ya kau da kai don kunya.

Ma'aikata suka fara kallon juna. Can sai ga babban kukun gidan da kansa, da farar riga, fuskarsa cike da damuwa. Sarki ya miƙe kafaɗa. Dama ya san labarin zuwansa zai kai kicin.

Kukun ya tambaya cikin ladabi ko baƙon ba shi da lafiya ne, ko wani abu bai yi masa ba.

"Ka yi ƙoƙari, yaro," in ji Sarki, yana ɗaga murya don a amfana. "Na zaga duniya, na ci a gaban manya, kuma ina gaya maka kana da makoma. Mun ɗanɗana, mun gamsu. Yanzu a kawo abincin."

Kukun ya dubi ma'aikacin, ma'aikacin ya dubi ƙasa. Sannan aka sanar da Sarki, a hankali kamar ana ta'aziyya, cewa abincin ke nan. Saura shan kofi.

A daidai nan cikin Sarki ya karɓi jawabin. Ya yi wani dogon ƙugi mai hawa da sauka, wanda a ɗakin nan mai tsit ya kai har bakin ƙofa. Wata tsohuwa ta ajiye cokalinta.

Da suka fito, Sarki ya ce yana da ganawa da wasu manya, Yaya ya yi gaba. Yaya ya yi gaba, amma ya tuna ya bar lemarsa, ya dawo. A bayan tashar bas ya hango mai ganawa. Yana tsaye jikin rumfar mai burodi, ya gama da guda biyu, yana lashe man da ya maƙale a takarda.

Yaya ya jira har takardar ta yi fes, sannan ya dafa kafaɗarsa.

"Kicin dai na ba wani, don ba na son baƙina su riƙa ganawa a bayan tasha. Amma kada ka damu, ban manta da kai ba. Banɗakunan otal ɗin suna buƙatar tayil."