Ranar da Jikar Shugaba Pyo Ta Yanke Hukunci

Duk garin Wonju babu mai ido irin na Shugaba Pyo Man-sik, kuma ba don yana sayar da tabarau na faɗi haka ba. Bawan Allahn nan, in ɗan ƙwallon kwando ya gifta ta ƙofar shagonsa, daga yadda yake ɗaga diddige zai gaya maka inda zai kai nan gaba. Gaskiya ne bai taɓa jefa ƙwallo ta shiga kwando ba, ko a filin makaranta. Amma ya yi mana bayani cewa jifa aikin hannu ne, shi kuwa da ƙwaƙwalwa yake wasa. Mu 'yan ƙungiyar magoya baya muna kiransa Ma'auni, shi ma yana amsawa.

Ni ne mataimakinsa. Aikina gyaɗa kai, kuma na ƙware, har matata ta ce ko a barci ina yi.

Bana kulob ɗin garinmu ya sami samari biyu. Ok Jae-hwi maci ne, ƙwallo in ta shiga hannunsa ta yi ban kwana da 'yan uwansa sai dai kwando. Bang Tae-rang kuwa mai raba ƙwallo ne, yana nuna wa kowa wurin tsayawa, har wanda ya haife shi. Tutar da muke ratayawa a bayan kwando fuska ɗaya take ɗauka. Nan ƙungiya ta dare biyu. Jagorar ɓangaren Jae-hwi ita ce Seol Hyun-suk, mai shagon soyayyar kaza inda muke taro. Ɗaya ɓangaren yana hannun tsoho Gil, direban tasi. Kowannensu ya rantse in Shugaba ya zaɓi na wancan, ranar zaɓe sai ya bar kujerarsa. Kujerar nan kuwa ita ce ransa, har a jikin gilashin shagonsa ya rubuta muƙamin.

Sai Ma'auni ya fito da ma'aunansa uku.

"Ku saurara, jama'a," in ji shi, ya ɗaga cinyar kaza sama. "Ɗan wasa da abu uku ake auna shi: ci, jagoranci, da abin da zai zama gobe. A ci, Jae-hwi ya wuce Tae-rang, sai dai cin da Tae-rang bai yi ba shi ma wani irin ci ne. A jagoranci Tae-rang ne gaba, amma wanda ya ƙi ba kowa ƙwallo ai ya jagoranci kansa. Maganar gobe kuwa, na duba wuyan hannunsu ta tabarau mai ƙarfi, dukansu akwai gobe."

"Shugaba, wa za mu sa a tutar?" in ji Hyun-suk.

"Tambayarki ta nuna ba ki bi lissafin ba."

Na gyaɗa kai. A bakin ƙofa na raɗa wa Hyun-suk cewa Shugaba nata yake nufi. A cikin tasi na gaya wa Gil haka nan. Ina jin kunya, amma kazar da daɗi, tasin ma har gida.

Haka muka ci rabin kakar wasa tutarmu fara fat. Da wuya ta yi wuya, sai hikima ta sauko wa Ma'auni. Jikarsa Da-on za ta cika shekara, za a shimfiɗa mata kaya a tebur ta ɗauki ɗaya a ga makomarta, kamar yadda aka yi wa kowannenmu. Ya sanar cewa zai ajiye rigunan 'yan wasan biyu a ciki.

"Jinina ce," ya ce. "Idona ta gada. Abin da ta ɗauka shi ne hukuncina, kuma wanda ya yi gardama ya bar ƙungiya."

Kai, wannan dabara ta burge ni. In rabin ƙungiya ya fusata, da jaririya zai yi.

Ranar biki zaure ya cika. An ci wainar shinkafa, an sha miyar ganyen teku. Aka zaunar da Da-on cikin kayanta masu launi a gaban tebur: ga zare, ga alƙalami, ga na'urar likita, ga makirfo, ga riguna biyu a tsakiya sun ture komai gefe. Na hango Hyun-suk ta shafa wa rigar Jae-hwi zuma a wuya. Na ga Gil ya cusa ƙararrawa a ta Tae-rang. Duk na gyaɗa musu kai.

Mai gabatarwa bai gama cewa a yi shiru ba, Shugaba ya miƙa hannu ya sure makirfon da ke kan teburin yarinyar. Wata tsohuwa a bayana ta ce, "To, kakan dai ya zaɓi nasa."

"Kafin jikata ta yi magana da yawuna," ya fara, "bari in tuna wa baƙi ma'aunai uku."

Ya yi ci. Ya yi jagoranci. Miya ta huce, surukansa suka soma duban silin. 'Yarsa Eun-bi, uwar yarinyar, ta ce, "Baba, don Allah," bai ko waiga ba. Ya sunkuyo kan tebur zai nuna wuyan hannun riga, ya shiga maganar gobe ke nan.

Da-on ta rarrafo ta bi ta kan rigar Jae-hwi, ta take ta Tae-rang, ƙararrawa ta yi ƙara ba ta kula ba. Ta kai hannu ta fizge makirfon daga bakin kakanta, ta cusa a nata.

Sai aka ɓarke da tafin da ko a filin wasa ban taɓa jin irinsa ba. Mai gabatarwa ya ce, "Alama ta nuna za ta gaji kakanta a magana." Eun-bi ta fashe da kuka.

Hyun-suk ta miƙe tana goge zuma a yatsunta. "Shugaba, mu bi lissafinka. A ci, hannu ɗaya ta kai kuma ta samu. A jagoranci, ta rufe bakin da ya gagari ƙungiya duka. Gobe kuwa, shekararta ɗaya. Ni ita zan sa a tuta."

"A kujerar ma," in ji Gil. "Ita kaɗai ce a gidan nan ta taɓa zaɓar wani abu."

Tun farkon kakar wasa ba su taɓa haɗuwa a kan magana ɗaya ba sai yau. Hannuwa suka tashi ta ko'ina. Shugaba ya buɗe baki, babu makirfo, muryar ta fito 'yar ƙarama. Ya gyara tabarau, ya juyo yana neman mataimakinsa na amana.

Wallahi na yi niyyar kare shi. Amma Gil ne ya yi maganar ƙarshe, wuyana kuwa ya riga ya fara aiki.